Wutar da ke Barci Cikin Batir

Yau tarihi na kawo maka, tarihin wani ɗan abu da ke cikin aljihunka yanzu haka, wato batirin wayarka. Ka zauna ka karanta sannu a hankali. In ka gama, ka karanta wa wanda bai iya ba tukuna.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Bara da bazara, wani dattijo cikin ɗalibaina na ajin dare a nan Sabon Maci ya ga batirin wayarsa ya kumbura, har murfi ya ƙi rufuwa. Wani yaro ya ce masa iska ce ta taru a ciki, a huda ta fita. Dattijo ya zauna bisa tabarma a gindin danni, ya ɗauko basilla ya soka. Nan take farin hayaƙi ya feso, wuta ta biyo shi da huci kamar ta maƙera. Ya yar da batir. Tabarma ta kama, danni ya kama. Allah ya sa mata suna dawowa daga rijiya ɗauke da ruwa. Da ba don haka ba, da rumbu biyu na hatsi sun tafi.

Washegari ya zo aji da yatsu uku a naɗe, ko alli bai iya riƙewa. Ya dube ni ya ce: "Malam, abin da babu ashana a cikinsa, babu kananzir, ina ya samo wuta?"

Tambaya ce mai kyau. Batirin da ya ƙona shi bai fi ƙwan kaza nauyi ba. To, irinsa ne ake haɗawa da yawa a tuƙa babur da shi, a tuƙa mota. Batirin mota mai lantarki yakan kai nauyin buhu huɗu ko biyar na hatsi. Waɗannan motoci da babura sun fara isowa ƙasar Hausa. Ya kamata mu san halin wutarsu tun ba su kwana a zaurukanmu ba.

Batir na farko

Batir ba sabon abu ba ne. A shekarar 1800 wani masani ɗan ƙasar Italiya, sunansa Volta, ya jera falle-fallen ƙarfe iri biyu, ya sa tsumma jiƙaƙƙe da ruwan gishiri a tsakaninsu. Sai lantarki ya fito. Wannan shi ne kakan duk batiran duniya.

A 1859 wani Bafaranshe mai suna Planté ya yi batir da dalma da ruwa mai ƙuna. Shi wannan in ya ƙare ana iya sake cika shi. Ka san shi sarai. Shi ne baƙin batir mai nauyi da ke tada injin mota, wanda muke kallon talabijin da shi a ƙauye.

Ga wani abin mamaki. Mota mai tafiya da batir ta girmi kakanka. Wajen shekarar 1900, kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin Amurka da batir suke tafiya. Ba su da ƙara, ba su da hayaƙi. Amma batirin dalma nauyi gare shi, kuma ba ya kai mutum nesa. A 1908 kamfanin Ford ya fito da motar fetur mai araha. Fetur ya yi yawa a kasuwa. Sai aka manta da motar batir shekara da shekaru.

Ka riƙe wannan: damuwar masana tun daga lokacin ita ce yadda za a tara ƙarfi mai yawa a cikin akwati ƙarami mara nauyi.

Ƙarfen da ake kira dutse

Akwai wani ƙarfe da ake kira litiyom. An gano shi a ƙasar Suwidin a 1817, a cikin wani dutse. Ma'anar sunan ma ke nan a harshen Girka, wato dutse. Ba ƙarfen da ya kai shi rashin nauyi. In ka jefa shi a ruwa ba ya nutsewa. Amma mafaɗaci ne. Da ya taɓa ruwa sai ya yi ta tafasa, shi ya sa ake ajiye shi cikin mai.

Iyayenmu suna tuna shekarun 1973 da 1974 saboda fari da yunwa da mutuwar dabbobi. Turawa kuwa suna tuna 1973 saboda fetur. A shekarar nan ƙasashen Larabawa suka rage sayar da mai, kuɗinsa ya ninka har sau huɗu. Hankalin masu motoci ya tashi. Aka koma neman batir.

Wani masani ɗan Ingila, Whittingham, yana aiki a kamfanin mai na Exxon a Amurka. Shi ya fara yin batirin litiyom da ake iya sake cikawa. Batirin ya yi ƙarfi ƙwarai. Sai dai duk lokacin da aka cika shi, ƙarfen yakan tsiro da 'yan ƙayoyi a ciki. In ƙaya ta tsawaita ta taɓa ɗaya gefen, sai wuta ta tashi. 'Yan kwana-kwana sun sha zuwa ɗakin bincikensa kashe gobara. Daga baya fetur ya sauko, kamfanin ya ajiye aikin.

A 1980 wani masani, Goodenough, ya samo haɗin da ya fi ƙarfi a jami'ar Oxford ta Ingila. A 1985 wani ɗan Japan, Yoshino, ya samo dabarar da ta rage. Ya cire tsantsar ƙarfen litiyom daga cikin batir, ya sa wani abu dangin gawayi a madadinsa. Don ya gwada, sai ya sako gudumar ƙarfe bisa batir iri biyu. Tsohon irin ya yi bindiga ya kama da wuta. Nasa bai kama ba.

Wani kamfanin ƙasar Kanada mai suna Moli Energy ya ci gaba da sayar da tsohon irin. A 1989 batirinsa ya kama da wuta a cikin wata waya a Japan, ya ƙona mai ita. Aka janye kayansa daga kasuwa, kamfanin ya karye. Shekara biyu bayan haka, a 1991, kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da sabon irin. Shi ne a wayarka, shi ne a tocilar da kake cajawa, shi ne a ƙaramar fitilar hasken rana. A 2019 aka ba mutanen nan uku babbar kyautar Nobel. Goodenough yana da shekara 97 a lokacin.

Yadda cikinsa yake

Kafin mu ci gaba, bari mu leƙa cikin batir. Falle biyu ne aka naɗe tare kamar tabarma. Ɗaya yana ba da ƙarfi, ɗaya yana karɓa. A tsakaninsu akwai wata leda mai laushi, ko gashin kai ya fi ta kauri. Aikinta shi ne ta hana fallayen nan biyu taɓa juna. An jiƙa su duka da wani ruwa, shi kuwa ruwan yana cin wuta kamar fetur.

Ka ga ke nan Yoshino bai kashe wutar ba. Kwantar da ita ya yi ta yi barci. Abu huɗu ke tashinta. Na ɗaya, rauni: a huda batir, ko a danne shi, ko ya faɗi da ƙarfi. Na biyu, zafi mai yawa. Na uku, cikawa fiye da kima ko da caja da ba tasa ba. Na huɗu, aibi tun daga masana'anta. Kowanne cikinsu yana iya yaga ledar nan. In ta yage, duk ƙarfin da aka tara sai ya fita a lokaci guda ya zama zafi. Basillar dattijo ledar nan ta huda. Kumburin da ya gani kuwa alama ce cewa batir ya riga ya lalace a ciki.

Darasin da aka saya da tsada

Manyan kamfanoni ma sai da suka ƙone kafin su koya.

A 2006 wasu kwamfutocin hannu suka riƙa kamawa da wuta. Da aka bincika, sai aka tarar da 'yan ɓarɓashin ƙarfe sun shiga cikin batir tun wurin ƙira. Aka janye batir fiye da miliyan tara.

Ranar 3 ga Satumba 2010 wani jirgin saman kaya ya tashi daga Dubai. Akwai batiran litiyom dubbai a cikin kayansa. Wuta ta tashi, hayaƙi ya cika wurin matuƙa har ba su ganin gabansu. Jirgin ya faɗi, matuƙa biyu suka mutu.

A Janairun 2013 aka hana sabon jirgin Boeing 787 tashi a duniya duka, har wata uku, saboda batirinsa ya yi wuta sau biyu a Amurka da Japan. Maganin da aka yi shi ne aka sa batirin cikin akwatin ƙarfe mai kauri, aka yi wa hayaƙi hanyar fita waje.

A 2016 kamfanin Samsung ya janye waya miliyan biyu da rabi, samfurin Galaxy Note 7, daga baya ya daina yin ta ɗungum. A shekarar nan kuma aka hana ɗaukar lodin batiran litiyom a jirgin fasinja. In ka taɓa raka maniyyaci, ka ji ana cewa kada ya sa batirin ajiyar caji a babbar jaka, ya riƙe shi a hannu. To, ga dalili. Wutar da ta tashi a gaban mutane ana iya kashe ta. Wadda ta tashi a ƙarƙashin jirgi ba mai ganin ta.

Batir ya koma cikin mota

Da aka ga ƙarfin sabon batir, sai aka tuna da motar lantarki. Kamfanin Tesla na Amurka ya fito da tasa a 2008. Nissan na Japan ya fito da tasa a 2010. Wata motar Tesla tana ɗauke da 'yan batira wajen dubu bakwai, kowanne kamar babban yatsa, an jera su a ƙarƙashin kujeru.

A nan tarihin ya taɓo gida. A 2010 kamfanin General Motors ya fara sayar da wata mota mai suna Chevrolet Volt, mai tafiya da batir, da ɗan injin fetur na taimako. Wanda ya zana siffar farko ta motar nan ɗan Sakkwato ne, Jelani Aliyu. Aikinsa zanen jiki ne, batir kuwa aikin wasu ne.

A watan Mayu 2011 hukumar kiyaye haɗarin hanya ta Amurka ta ɗauki Volt guda, ta buga ta da gangan don gwaji. Ba abin da ya faru. Aka tura ta fili aka ajiye tare da wasu motoci. Bayan mako uku, ba kowa a wurin, sai ta kama da wuta, ta ƙone har da na kusa da ita. Bugun ya ji wa batir rauni a ciki, raunin ya yi ta ci a ɓoye. Kamfanin ya ƙara wa batirin garkuwar ƙarfe. Hukuma ta rufe bincike a farkon 2012. Amma duniya ta koyi sabon abu: motar batir da ta yi haɗari ba a ajiye ta kusa da gida ko kusa da wasu motoci.

A 2021 kamfanin nan ya janye wata motar tasa, Chevrolet Bolt, wajen guda 140,000, saboda aibi a batir. Kafin a gyara, sai ya gaya wa masu ita su riƙa ajiye ta a waje, kuma kada su bar ta a caji cikin gida da dare.

Yanzu sai in faɗa maka gaskiyar ɗaya gefen, don kada ka ce na zo ɓata kayan mutane. Motar batir ba ta kai motar fetur yawan gobara ba. A ƙasar Suwidin hukuma ta ƙirga. A 2022, cikin motocin batir wajen 611,000, guda 23 suka yi gobara. Cikin motocin fetur da gas wajen miliyan huɗu da dubu ɗari huɗu, kimanin 3,400 suka yi. In ka yi lissafi, ka ga motar fetur ta fi kamawa nesa ba kusa ba. Kuma mun san aikin fetur. A watan Mayu 2019 tankar mai ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, mutane suka taru kwasa, wuta ta tashi, fiye da mutum hamsin suka rasu. Bayan haka, yanzu ana yin wani irin batirin litiyom mai haɗin baƙin ƙarfe, wanda ya fi jure zafi.

Abin lura shi ne halin wutar ya bambanta. Wanda ya tare ta da ilimin wutar kara zai sha mamaki.

Halin wutar batir

Ka san wutar daji da ke cinye makiyaya a arewacin Dakoro bayan damina. Ka san wutar danni da hunturu. Ka san in tukunyar mai ta kama, rufe ta ake yi ta mutu, domin wuta ba ta rayuwa sai da iska. Wutar batir tana da hali huɗu da ba ka saba da su ba.

Na farko, tana da guzurin iskarta. In batir ya yi zafi ƙwarai, kayan cikinsa suna fitar da irin iskar da wuta ke ci. Ko ka rufe shi da bargo ko ƙasa, cikinsa yana ci gaba da ƙuna.

Na biyu, tana tsallake. Ɗan batir guda in ya kama, sai ya gasa maƙwabcinsa, shi ma ya gasa na gaba, kamar rumbunan da aka jera gab da juna. Zafin yana narka sanholo irin wanda ake ƙera tukunya da shi.

Na uku, hayaƙinta guba ne. Farin hayaƙin nan yana ƙona ido da maƙogwaro da huhu. In ya taru a rufaffen ɗaki yana iya yin bindiga.

Na huɗu, tana da halin wutar ƙaiƙayi. Ka ga kamar ta mutu, ashe tana ci ta ƙarƙashi. Bayan awa kaɗan, ko kwana, sai ta sake tashi. Maganinta ruwa ne mai yawa don a huce batirin. Kamfanin Tesla ya rubuta wa 'yan kwana-kwana cewa mota guda tana iya cin ruwa fiye da lita dubu goma. Jarka mai lita 25 sai ka cika ɗari huɗu ke nan. Ka tambayi kanka, wace rijiya ce a garinmu za ta ba da wannan cikin awa guda?

Babur ya fi mota kisa

Ba motar mai kuɗi ce ta fi kashe mutane ba. Keke da babur masu batir ne, domin su ake shigarwa ɗaki, su ake saye da araha, su ake yi wa gyaran bakin hanya.

A birnin New York na Amurka, masu kai abinci gida-gida suna aiki da kekunan batir. Yawancinsu talakawa ne baƙi, suna sayen batir mai araha, suna caji a ɗakin kwana. A 2023 batir ya jawo gobara 268 a birnin, mutum 18 suka mutu. Hukuma ta hana sayar da batirin da ba a gwada ba, ta yi ta wayar da kan jama'a. A 2024 mutum shida suka mutu. Ka ga amfanin doka da ilimi.

A ƙasar Sin, a birnin Nanjing, ranar 23 ga Fabrairu 2024 da asuba, wuta ta tashi a ƙasan wani dogon bene, inda ake ajiye baburan batir. Ta hau sama mutane suna barci. Mutum 15 suka rasu.

Dubi abin da ya haɗa labaran nan: dare, barci, da babur a kan hanyar fita.

Abin ya kusato mu

Kada ka ce wannan zancen Turai ne. A 2024 an sayar da motocin batir fiye da miliyan 17 a duniya, wato mota ɗaya cikin kowace biyar. A watan Afrilu 2021 aka buɗe wurin cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Jelani Aliyu ne shugaban hukumar motocin Nijeriya a lokacin. Ranar 29 ga Mayu 2023 Nijeriya ta cire tallafin fetur, kuɗinsa ya tashi, mu ma a jihar Maraɗi muka ji a jikinmu. A Disambar shekarar aka ƙaddamar da motocin haya masu batir a Maiduguri. A Dakar ta Senegal manyan motocin safa masu batir sun fara ɗaukar mutane a 2024. A Benin da Togo akwai 'yan kabu-kabu da ke aiki da babur mai batir. Shi kansa dutsen litiyom ana haƙarsa a jihar Nasarawa ta Nijeriya da kudancin Mali.

Abin da ya shiga Kano da Sakkwato ba ya daɗewa bai iso kasuwar Maraɗi ba. Daga Maraɗi kuwa sai ƙauyukanmu. Kuma ina ganin alheri ne. Rana muna da ita kyauta. Ɗan kabu-kabun da ya huta da sayen mai a kwalba ya samu riba.

Amma mu dubi halin da muke ciki. Zafinmu na bazara yana wuce digiri 40 a inuwa, masu ƙera batir kuwa suna cewa kada a yi caji in zafi ya haura 45. Hanyoyinmu rami ne da gargada. Yawancin kayan da ke iso mana na hannu ne, sun riga sun tsufa a wata ƙasa. Akwai masu kwance tsofaffin batiran kwamfuta su haɗa su sayar kamar sababbi. Gidajenmu kara ne da ciyawa. Ba mu manta da Nuwamba 2021 ba, lokacin da azuzuwan zana suka ƙone a wata makaranta a Maraɗi, yara fiye da ashirin suka rasu. Ban kawo wannan don batir ba. Na kawo shi don ka tuna saurin wuta in ta samu kara. 'Yan kwana-kwana kuwa suna birni, kafin su iso aikin gama ya gama.

Abin da za ka yi

Ga ka'idoji takwas. Ka kwafe su a littafinka. Sun shafi waya, da fitila, da babur, da mota.

1. Kada ka huda batir, kada ka fasa shi, kada ka jefa shi a wuta ko a juji inda yara ke wasa.

2. In batir ya kumbura, ko yana wari, ko yana zafi ba dalili, ka daina aiki da shi. Ka sa shi a bokitin ƙarfe mai yashi, ka ajiye a fili nesa da danni da rumbu.

3. Ka yi caji da cajar da ta zo da kayan. Kowane batir da tasa.

4. Ka yi caji a inuwa, a kan ƙasa ko siminti. Ban da katifa, ban da ƙarƙashin matashin kai, ban da ɗakin kwano da tsakar rana.

5. Kada ka kwanta barci ka bar babur a caji. In ka dawo daga tafiya, bari ya huce tukuna. In ya cika, ka cire.

6. Kada ka ajiye babur mai batir a zaure ko a bakin ƙofar ɗaki. In wuta ta tashi a nan, ta ina iyali za su fita?

7. Babur ko motar da ta yi haɗari, ko ta nutse a ruwan damina, a bar ta a fili ita kaɗai, har wanda ya san aikin ya duba.

8. In ka ji huci, ko ƙara kamar fashewar gyaɗa a wuta, ko ka ga farin hayaƙi, ka fitar da mutane tukuna. Ku tsaya ta inda iska ke fitowa. In da hali a cire waya daga lantarki. A zuba ruwa mai yawa daga nesa, a jiƙa danni da rumbun da ke kusa. A kira lamba 18. Ko wuta ta mutu, a sa ido a kai har washegari.

Ke ma 'yar'uwa, wannan magana taki ce. Ke ce a gida lokacin da ake caji, ke ce kike ganin abin da yara ke wasa da shi. Kai kuma mai rumfar caji a kasuwa, da kake jera waya hamsin a kan tebur guda, ka ajiye bokitin yashi da jarkar ruwa kusa, ka kuma ƙi karɓar batir mai kumburi.

Kakanninmu sun koyi zama da ashana. Iyayenmu sun koyi zama da kananzir da fetur, wasu da ƙuna a jiki. Mu kuma namu rabon batir ne. Bambancinmu da su shi ne mun iya karatu, labarin abin da ya samu wasu ya riga kayan isowa. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Dattijon nan ya warke. Ka'ida ta ɗaya shi ya rubuta ta a allo da hannunsa, ajin duka suka kwafa. Ranar kasuwa mai zuwa, kai ma ka karanta wa mutum guda ka'idojin nan. Allah ya kiyashe mu da gobara, ya tsare mana iyali da hatsi. Amin.